Dokar Da Ke Sauyawa Daga Titi Zuwa Titi: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kan Dokokin Kare Wuraren Jama'a A Ingila

Duk wanda ya taɓa yawo a tsakiyar wani gari na Ingila, in dai mai lura ne, zai ga wani ɗan allo maƙale a jikin ƙarfen fitilar titi ko a ƙofar lambun shaƙatawa. Faɗinsa bai wuce na faifai ba. A samansa akwai haruffa huɗu, PSPO, a ƙasa kuma zane-zane: kwalbar giya an ja mata jan layi, kare da igiya a wuya, keke, lasifika, wani lokaci har da tattabara. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta fam 100. Yawancin masu wucewa ba sa ko ɗaga kai. Amma allon nan doka ce, mai taka ta kuma yana iya tsintar kansa a gaban majistare.

Abin da ke rikita baƙo, har ma da ɗan gari, shi ne dokar ba ɗaya ba ce. Abin da mutum ya yi a wannan titi ya wuce lafiya, in ya tsallaka wancan sai ya zama laifi, don kawai ya shiga yankin wata ƙaramar hukuma, ko ya ƙetare wani layi da aka ja a taswira. 'Yan Najeriya da Ghana da sauran ƙasashenmu da ke zuwa karatu, ko aikin jinya, ko ziyarar dangi, suna iya sanin manyan dokokin ƙasar su kiyaye su, amma wannan ƙaramar ta jikin fitila ce ta fi saurin kama mutum. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Daga ina dokar ta fito?

Maganar masu addabar maƙwabta ta daɗe tana ci wa 'yan siyasar Birtaniya tuwo a ƙwarya. Ana nufin irin halayen da ba su kai fashi ko kisa ba, amma suna hana unguwa sakat: matasa su tare ƙofar shago da ihu da jifa, mashaya su mamaye bencin lambu har iyaye su daina kai yara, mai kare ya bar kashin karensa a filin wasa, direba ya riƙa ƙure injin mota da tsakar dare.

A 1998 gwamnatin Tony Blair ta fito da wani umarnin kotu da ya yi suna da laƙabin ASBO. Mutum guda ake ɗora wa shi, a ce kada ya sake shiga unguwa kaza ko ya sake yin abu kaza. Da tafiya ta yi tafiya aka ga ana yawan karya shi, har a tsakanin wasu matasa ya zama abin taƙama, kamar wata lambar yabo. Sai kuma wani abin tausayi ya girgiza ƙasar. A 2007, a yankin Leicestershire, wata uwa mai suna Fiona Pilkington ta kashe kanta tare da 'yarta mai naƙasa, bayan shekarun da matasan unguwa suka yi suna tsangwamar gidansu. Bincike ya nuna an kai kuka wurin 'yan sanda fiye da sau 30, ba a ɗauki matakin kirki ba.

Da Theresa May ta karɓi ragamar Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a 2010, sai ta ɗauki aniyar sake fasalin tsarin baki ɗaya. Sakamakon shi ne dokar 2014 kan halayen addabar jama'a da laifuffuka da aikin 'yan sanda, wadda ta dunƙule matakai 19 da ake da su suka koma 6. Ɗaya daga cikin shidan shi ne umarnin kare wuraren jama'a, wato wanda haruffan nan huɗu ke nufi. Ya fara aiki ranar 20 ga Oktoba, 2014. Ya haɗiye tsofaffin umarni uku: na hana shan giya a wasu wurare, na kula da karnuka, da na toshe lunguna da ƙofar ƙarfe. Waɗanda suka rage daga cikin tsofaffin, a Oktoban 2017 duk suka rikiɗe suka koma sabon.

Abu biyu ne suka bambanta sabon tsarin da na da. Na farko, ASBO mutum yake kamawa, wannan kuwa wuri yake kamawa: duk wanda ya taka cikin yankin, dokar ta hau kansa, ko bai taɓa damun kowa ba. Na biyu, a da idan ƙaramar hukuma na son kafa wata doka ta yankinta, sai ta aika Landan minista ya amince, abin da kan ci lokaci mai tsawo. Yanzu ba ta buƙatar minista, ba ta buƙatar alƙali. A wasu hukumomin dukkan kansiloli ne ke zama su kaɗa ƙuri'a, a wasu ƙaramin kwamiti ne, a wasu kuma babban jami'i guda aka ba ikon sa hannu.

A lura cewa tsarin na Ingila da Wales ne kaɗai. Sikotland da Ireland ta Arewa suna da nasu hanyoyin. Birnin Glasgow, alal misali, ya daɗe da haramta shan giya a titi, amma ta dokar yankinsa ya yi hakan.

Sharuɗɗan da hukuma za ta cika

Doka ba ta ce hukuma ta hana duk abin da ta ga dama ba. Sai ta gamsu, bisa dalilai masu ma'ana, cewa sharuɗɗa biyu sun cika. Sharaɗi na farko, abin da ake yi a wurin ya cutar da jin daɗin rayuwar mutanen yankin, ko kuma akwai alamar zai cutar. Na biyu, cutarwar mai ɗorewa ce ko mai maimaituwa, ta wuce abin da hankali zai ɗauka, kuma ta kai a sa takunkumi a kanta.

Mai karatu zai lura da kalmar nan, “akwai alamar zai cutar”. Ke nan ba sai an cuci wani ba tukuna. Hasashe ma ya isa. Nan ne masu suka ke cewa an bar ƙofa a buɗe, domin kusan komai yana iya damun wani.

Shi ma “wurin jama'a” an faɗaɗa ma'anarsa. Duk inda mutane ke iya shiga, kyauta ko da kuɗi, ya shiga ciki: titi, kasuwa, lambu, bakin teku, maƙabarta, wurin ajiye motoci, har da harabar manyan kantuna ko da mallakar wani kamfani ce.

Kafin a kafa umarnin, dole hukuma ta tuntuɓi shugaban 'yan sandan yankin, da zaɓaɓɓen jami'in da ke sa ido kan 'yan sanda, da wakilan al'umma da ta ga ya dace, da masu mallakar filin. Dole ta wallafa abin da take shirin yi, bayan an zartar kuma ta sa shi a shafinta na intanet, ta kafa alluna a wurin. Doka ta kuma wajabta mata ta yi la'akari na musamman da 'yancin faɗin albarkacin baki da 'yancin taruwa, waɗanda ke sashe na 10 da na 11 na Yarjejeniyar Turai kan Haƙƙin Ɗan Adam.

Umarnin ba ya wuce shekara uku. Sai dai ana iya sabunta shi, a sake sabuntawa, ba iyaka, muddin an sake tuntuɓar jama'a. Don haka akwai garuruwan da abin da aka kira na wucin gadi ya zama ɗan gida.

Me ake hanawa?

Umarnin yana iya cewa kada a yi, yana kuma iya cewa dole a yi. Yana iya shafar kowa, ko wani rukuni na mutane. Yana iya aiki dare da rana, ko a wasu sa'o'i, ko wasu watanni.

Karnuka ne suka fi cika allunan. Dole mai kare ya kwashe kashin karensa, a wasu wuraren ma laifi ne a same shi ba ya ɗauke da ledar kwashewa. Ana hana shiga da kare filin wasan yara, ana tilasta sa masa igiya a maƙabarta, sannan garuruwan gaɓar teku da dama suna hana karnuka hawa rairayi daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Satumba. Makafi masu karen jagora akan keɓe su.

Sai giya, kuma a nan akwai abin da mutane da yawa ba su fahimta ba. A yankin da aka sa wa takunkumi, riƙe gwangwanin giya ko kurɓarsa ba shi ne laifin ba. Laifin shi ne jami'i ya ce wa mutum ya daina ko ya miƙa kwalbar, shi kuma ya ƙi. Haka nan dokar ba ta shafi gidajen giya da gidajen abinci masu lasisi ba. Shi ya sa ake ganin mai kuɗi zaune a kujerar mashaya a bakin titi yana sha ba wanda ya tanka, alhali wanda ya sayo gwangwani mai arha ya zauna a benci, taku kaɗan daga wurin, shi jami'i ke nufa.

Bayan waɗannan biyun, kowane gari da irin ciwon kansa. A 2015 birnin Lincoln ya zama na farko da ya hana shan wasu sababbin ƙwayoyin maye a tsakiyar gari, tun kafin majalisar ƙasa ta haramta cinikinsu a 2016. A 2015 ɗin ce kuma hukumar Kensington da Chelsea ta ɗauki mataki kan 'ya'yan attajirai da ke cika unguwar Knightsbridge da motocin alfarma lokacin bazara, suna ƙure inji da tsere suna hana mazauna barci. A Bradford, bayan gobarar da ta cinye ciyayin tsaunin Ilkley a 2019, an hana gashin nama da hura wuta a kan tsaunuka. A dajin New Forest da ke kudancin Ingila, tun daga Yulin 2023, laifi ne mutum ya ba dawakai da jakunan da ke kiwo a sake abinci ko ya shafa su, domin sabo da hannun mutane yana jawo su bakin hanya, abincin da bai dace ba kuma yana sa su rashin lafiya. A Brent, arewa maso yammacin Landan, hukuma ta daɗe tana yaƙi da masu tauna wani ganye da mutanen kudancin Asiya ke kira fan, suna tofar da jan yawu a bango da daɓen titi, kwatankwacin abin da tukar goro ke yi.

Akwai kuma garuruwan da suka hana hawa keke a titunan masu tafiya da ƙafa, ko ciyar da tattabaru, ko fitsari a lungu, ko bara, ko amfani da lasifika. Wannan na ƙarshe yana shafar makaɗan titi da masu wa'azi, Musulmi da Kirista, waɗanda suka saba kafa tebur da littattafai a tsakiyar gari ranar Asabar.

Wa ke kamawa, nawa ne tarar?

Rukuni uku ne ke da ikon aiwatarwa: ɗan sanda, da mataimakan 'yan sanda masu sintiri a unguwa, da duk wanda ƙaramar hukuma ta ba izini. Rukuni na uku ya haɗa da ma'aikatan hukumar, irin duba-garinmu na da, da kuma ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu da aka ba kwangila.

Karya umarnin ba tare da uzuri mai ma'ana ba laifi ne a idon shari'a. Amma yawanci ba kotu ake fara zuwa ba. Jami'i zai miƙa wa mutum takardar tara, wadda dokar 2014 ta ce kada ta wuce fam 100. Ana ba shi kwana 14, kuma a cikin kwanakin nan ba za a gurfanar da shi ba. Wasu hukumomin suna rage kuɗin ga wanda ya biya da wuri. In ya biya, magana ta mutu, ba a rubuta shi cikin waɗanda kotu ta samu da laifi. In ya ƙi, hukuma na iya kai shi kotun majistare, inda tarar ke iya kai fam 1,000, ko fam 500 idan batun giya ne, ban da kuɗin shari'a. A 2025 gwamnati ta gabatar wa majalisa ƙudirin da ya nemi ɗaga tarar nan-take zuwa fam 500, don haka adadin da ke jikin allo da na jikin takarda su ne abin dubawa.

Ga wanda ke zaune da biza, bambancin biyan tara da hukuncin kotu ba ƙarami ba ne. Takardun neman sabunta izinin zama da na zama ɗan ƙasa suna tambaya ko kotu ta taɓa samun mutum da laifi. Abin da fam 100 zai kashe, in aka yi sakaci, yana iya zama tabon da zai riƙa bin mutum shekaru.

Inda gizo ke saƙar

Ba mai musun cewa tsohuwar da ke tsoron fita saboda mashaya sun tare ƙofar gidanta tana da haƙƙin a kare ta. Gardamar tana kan wanda sandar ke sauka a kansa.

Tun shekarar farko aka ga alama. A 2015 hukumar Hackney a Landan ta sa kwana a titi cikin abubuwan da ta hana. Mutane suka yi ca, dubun-dubata suka sa hannu a takardar koke, suna tambayar yadda wanda ba shi da wurin kwana zai biya tara. Hukumar ta janye. A Oxford ma an yi irin wannan yunƙuri aka fasa. A Disambar 2017 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta gyara littafin jagoranta, ta ce kada a yi amfani da umarnin wajen farautar mutum don kawai ba shi da gida ko yana kwana a waje. Duk da haka ƙungiyoyi irin su Liberty da Manifesto Club sun ci gaba da nuna cewa akwai hanyoyin zagaye: ba a rubuta “kwana a titi” ba, amma an hana kafa tanti, an hana ajiye bargo a ƙofar shago, an hana zama da kofi a gaba. Wanda ake nufi ya san kansa. Dama ƙasar tana da tsohon tarihi da wannan: dokar gararamba ta 1824, wadda aka yi bayan yaƙin Nafoliyon lokacin da tsofaffin sojoji marasa aiki suka cika tituna, ta kusa shekara 200 tana mayar da bara da kwanan waje laifi kafin majalisa ta amince a 2022 cewa a soke ta.

Sai matsalar kalmomi masu harshen damo. A 2015 hukumar Salford, kusa da Manchesta, ta hana ashar da zagi a wani yanki na bakin ruwa, ba tare da ta bayyana wace kalma ce ashar ba. Yankin kuwa yana da gidan wasan kwaikwayo, sai wani mai barkwanci, Mark Thomas, ya nemi hukumar ta fayyace masa kalmomin da ya halatta ya furta. Abin ya zama abin dariya a faɗin ƙasar, bayan 'yan shekaru aka bar wannan sashe ya mutu. A Kettering kuma an taɓa hana 'yan ƙasa da shekara 18 zama a tsakiyar gari su kaɗai daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe, mai laifi da mara laifi duk kuɗin goro.

Batun 'yan kwangila ma ya jawo surutu. A wasu yarjejeniyoyin kamfani yana samun kaso daga kowace tara da ma'aikacinsa ya rubuta. Idan abincin mutum ya rataya a kan yawan takardun da ya raba, da wuya ya tsaya yin nasiha, kuma zai fi son mai sauƙin kamawa, kamar dattijon da ya hau keke a inda aka hana, a kan gungun matasan da kowa ke shakka.

Akwai kuma tambayar ko dokar tana magance matsala ko tura ta gaba take yi. Mashayin da aka kora daga tsakiyar gari bai daina sha ba. Unguwa ya sauya. Shi ya sa hukumomin da suka fi hankali ke haɗa umarnin da ma'aikatan jin daɗin jama'a, masu neman wa mutum makwanci da magani kafin a yi maganar tara.

Addu'a a bakin asibiti

Babu inda umarnin ya fi tayar da ƙura kamar a ƙofar asibitocin zubar da ciki. A Afrilun 2018 hukumar Ealing a yammacin Landan ta zama ta farko da ta ja layi kewaye da irin wannan asibiti, ta hana zanga-zanga, raba takardu, tare mata da magana, har da addu'ar da aka yi da nufin nuna goyon baya ko adawa. Hujjarta ita ce matan da ke shiga da ma'aikata sun daɗe suna kukan ana tsangwamarsu. Masu adawa suka garzaya kotu suna cewa an danne musu 'yancin addini da na magana, taimako kawai suke miƙa wa mata. Babbar Kotu a 2018, da Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2019, duk suka ba hukumar gaskiya. Richmond da Manchesta da Birmingham da Bournemouth suka bi sahu.

A Bournemouth ne wani tsohon soja, Adam Smith-Connor, ya tsaya cikin yankin da aka killace yana addu'a a zuci. Jami'a ta nemi ya bar wurin ya ƙi, aka ba shi takardar tara bai biya ba. A Oktoban 2024 kotu ta same shi da laifi, ta ɗora masa kuɗin shari'a sama da fam 9,000. Maganar ta tsallaka teku, har Mataimakin Shugaban Amurka, JD Vance, ya kafa misali da ita a taron tsaro na Munich a Fabrairun 2025 yana sukar Birtaniya. A ƙarshen Oktoban 2024 kuma dokar ƙasa ta fara aiki, wadda ta killace mita 150 kewaye da kowane irin wannan asibiti a Ingila da Wales. Abin da ƙaramar hukuma guda ta fara, cikin shekara shida ya zama na ƙasa baki ɗaya. Ko wane ɓangare mutum yake, darasin a fili yake: ƙaramin allon nan yana iya taɓa manyan haƙƙoƙi.

Idan mutum bai yarda ba fa?

Wanda ke zaune a yankin, ko yake aiki a can, ko yake yawan zuwa, yana iya ƙalubalantar umarnin a Babbar Kotu. Amma mako shida kacal yake da su daga ranar da aka kafa ko aka yi masa gyara, kuma hujja biyu ce ake saurare: ko dai hukuma ba ta da ikon hana abin da ta hana, ko ba ta bi ƙa'idar da doka ta shimfiɗa ba. Shari'a a Babbar Kotu tsada ne da ita, shi ya sa ƙararrakin ba su da yawa. A wata shari'a ta 2018 kan dokar karnuka ta Richmond, kotu ta amince da ƙayyade karnuka huɗu ga mutum guda, amma ta soke sashen da ya ce kada kare ya “ɓata wa wani rai”. Ke nan kotu na iya yanke ɓangare ta bar saura.

Wanda aka gurfanar kuma yana iya kare kansa da cewa yana da uzuri, ko cewa hukumar ba ta da ikon sa wannan hani tun farko. Sai dai hanya mafi arha ita ce lokacin tuntuɓa. Hackney da Oxford ba alƙali ne ya tanƙwara su ba, muryar jama'a ce. Masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan ƙasashen waje suna da damar rubuta ra'ayinsu kamar kowa, kuma sau da yawa mutane ƙalilan ne ke amsawa, don haka takarda ɗaya mai hujja tana da nauyi.

'Yan uwanta a cikin dokar

Kada a rikita wannan umarni da sauran matakan da suka zo tare da shi. Akwai takardar kare al'umma, wadda ake ba mutum guda mai shekara 16 zuwa sama, ko wani kamfani, bayan an yi masa gargaɗi a rubuce, misali kan kiɗa mai ƙara ko tara shara a ƙofar gida. Akwai ikon tarwatsa taro, na 'yan sanda kaɗai, inda sufeto ke ba da izini a kori mutum daga wani yanki, wanda dokar 2014 ta ƙayyade wa tsawon awa 48. Akwai rufe gida ko shagon da ya zama matattarar fitina. Akwai kuma umarnin kotu iri biyu da suka gaji ASBO.

Wanda ake cuta shi ma an ba shi makami, kuma darasin Fiona Pilkington ne ya haife shi. Idan mutum ya kai ƙorafi sau uku cikin wata shida kan matsala guda, yana da haƙƙin neman hukuma da 'yan sanda da masu gidajen haya na gwamnati su zauna tare su sake duba lamarinsa. Baƙi da yawa da ke fama da maƙwabci mai tsangwama ba su san da wannan ba, sai su yi ta haƙuri.

Guzurin matafiyi

In kun sauka a sabon gari, ku shiga shafin ƙaramar hukumarsa ku nemi haruffan nan huɗu. Za ku ga jerin abin da aka hana da taswirar inda ya shafa. In za ku yi taron suna ko walimar Sallah a lambu, ku tambaya ko an yarda da gashin nama da lasifika kafin a kunna gawayi. Manyan sallolin Idi da ake yi a fili, irin wadda dubban mutane ke halarta a lambun Small Heath na Birmingham, da izinin hukuma ake shirya su.

Idan jami'i ya tare ku, ku nemi ganin shaidarsa cikin ladabi, ku tambayi wane sashe aka ce kun karya. Kada ku ba da sunan ƙarya. Ƙin faɗa wa ɗan sanda suna da adireshi a irin wannan hali laifi ne mai zaman kansa. Kada ku miƙa wa kowa kuɗi a hannu, domin tarar ta hanyar da aka rubuta a takarda ake biyanta. In kuna ganin an zalunce ku, ku ɗauki hoton wurin, musamman in babu allo ko ya goge, ku rubuta wa hukumar da wuri, ku nemi shawara a ofisoshin ba da shawara kyauta da ke yawancin garuruwa. Abin da bai kamata ba shi ne a jefa takardar a aljihun tebur a manta.

Dokar nan wuƙa ce mai kaifi da aka danƙa wa ɗaruruwan hukumomi, kowace da irin hannunta. A wani gari ta dawo wa yara filin wasansu, a wani garin ta bi mabaraci da takardar da ba zai taɓa iya biya ba. Ɗan gari yana da ƙuri'a da alƙalamin da zai ja wa kansilolinsa kunne. Baƙo kuwa, kafin ya san gari, abin da ya rage masa shi ne ya ɗaga kai ya karanta allon da ke jikin fitila. Mai tambaya ba ya ɓata.